Bangon Ɗakin Gwaggo

Abakpa, Kaduna
3 ga Afrilu, 1955

Zuwa ga Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Asabe da yara. A gaida mini Gwaggo Safara'u gaisuwa ta musamman. Ni lafiyata ƙalau, sai tsagewar hannu da siminti ke sa wa mutum. Har yanzu ina wurin ɗan kwangilar nan, muna gina gidajen ma'aikata can wajen Unguwar Rimi. An ɗaga ni daga kwaɓa, yanzu ni ke miƙa wa birkila bulo, wani lokaci ya bar ni in ɗora layi ɗaya ko biyu. Rubutun nan nawa ne, a ajin yaƙi da jahilci na koya, wanda zai karanta maka ya yi haƙuri da karkacewarsa.

Bayan haka, jiya a kasuwa na gamu da wani mai kawo albasa daga wajenmu. Ya ce mini Ƙaurar Maje ta tashi. Na ɗauka wasa yake. Ya ce kasuwa ce ta fara komawa bakin sabuwar hanyar mota, mahauta suka bi ta, dagaci ya bi mahauta, liman ya bi dagaci. Ya ce cikin ganuwa yanzu gida uku kaɗai ke tashin hayaƙi. Ya ce kai ma ka tashi tun bayan girbi, Gwaggo kuwa ta ƙi binka, tana nan ita kaɗai a gidan kakanninmu.

Yaya, wata biyar ke nan. A bakin mai albasa zan ji? Na san kakana da kakanka ne suke uwa ɗaya uba ɗaya, Gwaggo kuma ƙanwar babanka ce, ka fi ni kusa da ita a jini. Amma da uwata ta rasu, a bayan wa aka goya ni? Ko layi biyu ban isa a aiko mini ba?

To, wannan ya wuce. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutumin ya ce kowa kwashe azarar ɗakunansa yake yi yana kaiwa Bakin Hanya, kuma ya ga jakunanka suna jan na zaurenmu. Zaure ka cire, turakar babanka ka cire, ba ni da magana. Amma ɗakin marigayi Babana ina roƙonka ka ƙyale shi da rufinsa. Bangonsa ɗaya da ɗakin Gwaggo. In aka buɗe shi, ruwa zai sami bangon nan, ga damina ta kusa.

Ka sa a rubuto mini amsa ta hannun Malam Iro tela, Abakpa, kowa ya san shi. Wassalam.

Ƙanenka,
Tanko

*

Bakin Hanya, Ƙaurar Maje
24 ga Afrilu, 1955

Zuwa ga Tanko, Sarkin Maginan Kaduna,

Muna lafiya. Asabe na amsawa, sai dai cikinta ya tsufa. Gwaggo lafiyarta lau, bakinta ma ya fi da kaifi. Malam Sani mai koyar da manya shi ya karanta mini takardarka, shi ke rubuta wannan.

Ka ce ba a gaya maka gari ya tashi ba. Kai da za ka tashi wa ka gaya wa? Shekara huɗu rabonka da mu. Kai ka fara, Tanko. Bayanka 'ya'yan Maƙeri suka tafi Jos haƙar kuza, na gidan Liman suka shiga soja, sauran suna Funtuwa suna ɗaukar buhun auduga. Bara da za a yashe rijiyar Ƙofar Gabas mu uku muka taru, ni da Audu Gurgu da wani kurma. Gurgu ba ya shiga, kurma ba ya jin a ce ja. Wannan ne garin da kake wa kuka. Ni mil biyu na matsa, kai kwana nawa ne tafiyarka a ƙasa?

Kana tsammani daɗi ne ya kawo mu nan? Mai awon gyaɗa ya ce motarsa ba ta shiga lungu. Hakimi ya aiko a koma bakin hanya. Duba-gari ya zo da igiya ya auna wa kowa fili a jere kamar kunyar dankali. Gonakinmu suna can bayan ganuwa, kullum sai na taka mil biyu kafin in sa fartanya a ƙasa. Malamin daji kuma ya ce wanda ya sare giginya sai gaban alƙali. To ina zan sami azara? In roƙo daga sama? Ɗaki biyu na gina, ɗaya na rufe, ɗaya yana kallon Allah, a ciki kuma Asabe za ta haihu.

Maganar Gwaggo kuwa, sau shida ina zuwa da jaki. Ta ce ita ba akuya ba ce da za a ɗaure ta a bakin hanya tana kallon mota. Ta ce wa zai kwaso mata ɗorawarta da kukarta? Ta ce a can tana dafa daddawarta ba mai toshe hanci. Na ce Gwaggo, kura na zagaya ganuwa. Ta ce kura ta san ta tun ban san wando ba. Kai da kake ɗan gaban goshinta zo ka ɗauke ta mana.

Ɗakinta ba zan taɓa ba, ban haukace ba. Amma na babanka shekara tara ba wanda ke kwana ciki sai jemage. Gobe zan cire azararsa. In gado kake tunani ka fito fili ka faɗa, ka bar fakewa da bango. Bangon nan tun kakanninmu yake tsaye, ba a Kaduna aka koya masa tsayuwa ba.

Yayanka,
Garba

Ƙari daga mai rubutu: Na rubuta yadda ya faɗa, sai kalma biyu da na ga ba su dace da takarda ba. Malam Sani.

*

Abakpa, Kaduna
8 ga Mayu, 1955

Yaya Garba,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sauki Asabe lafiya. Na gode wa Malam Sani da kalma biyun da ya rage mini, ko da yake na san su, tun ina yaro nake shan su.

Na karanta takardarka sau uku kafin in huce. Gado? Itace goma sha huɗu da gara ta ɗanɗana shi ne zan yi maka ƙarya a kansa? Ka riƙe, na ba ka duniya da lahira. Da na san ɗakin haihuwa za ka rufe da ni zan fara cewa ka ɗauka. Amma tunda ka cire, ka saurare ni, don Allah ka sa Malam Sani ya karanta wannan wurin a hankali.

Gaskiya ne bangon ya daɗe, amma bai taɓa ganin ruwa ba, tsakanin rufi biyu ya yi rayuwarsa. Azarar Baba da ta Gwaggo a kansa suka kwanta, kai da kai. Da ka zare na Baba ka bar ramuka goma sha huɗu buɗe, kowanne kamar bakin tulu. Ƙasar rufin kuma da ka zubar tana cikin ɗakin, ta toshe ƙofa. Ɗaki mara rufi mai toshewar ƙofa kududdufi ne. Ruwa zai shiga bangon ta kai, wanda ya taru a ƙasa ya ci gindinsa. Ta wajen Gwaggo ba za a ga komai ba, yaɓenta zai yi ta sheƙi har ranar da zai zauna gaba ɗaya. Na ga irinsa bara a nan bayanmu, da rana tsaka, Allah ya sa mutanen suna waje.

Ga abin da za a yi. A toshe ramukan da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawar ramno, a danna sosai. A yi wa kan bangon jinka da ciyawa ta sauko kamu biyu. A fasa bangon yamma daga ƙasa ruwa ya sami hanyar fita. Sannan a shafe fuskar bangon da makuba, Gwaggo tana da ɓawon ɗorawa tuli a bayan rumbu. Aikin yini biyu ne na mutum biyu. Ko kai da kurman kun isa, wannan ba ya bukatar a ce ja.

Ka ce ni na fara tashi. Haka ne. Ka tuna shekarar da na tashi? Gonar Baba da aka raba, abin da ya zo hannuna zakara zai tsallake shi da tsalle ɗaya. Ban ce ka yi laifi da ka koma bakin hanya ba, kowa inda abinci yake yake bi. Abin da na ce shi ne akwai tsohuwa a jikin bangon nan.

Na nemi heluma, shugabanmu na leburori, ya ba ni kwana shida in zo in yi da hannuna. Ya ce sai an ɗora kwano a gida takwas ɗin da muke kai, wanda ya tafi kafin nan kada ya dawo, ga mutane a bakin shinge suna jiran gurbi. Gaskiya ya faɗa, kullum da safe suna nan tsugune.

Zan ba direban motar gyaɗa wannan ya ajiye a gidan waya na garin Hakimi. Ka amsa mini da kalma ɗaya ma ta isa: an yi.

Tanko

*

Abakpa, Kaduna
17 ga Yuli, 1955

Yaya Garba,

Ina gaisuwa. Ina fatan Asabe ta sauka lafiya, ko da yake wannan ma sai dai in ji a bakin mai albasa.

Mako goma ke nan. Kullum na taso aiki sai na biya wurin Malam Iro, har ya daina ɗaga kai daga keken ɗinki, hannu kawai yake girgiza mini. In fushi kake da ni ka yi ta yi, amma ka ce an yi ko ba a yi ba.

A nan ruwa ya zauna. In aka fara da safe sai mu fake a cikin gidan da muka rufe, sauran leburori suna caca da ƙwallon dabino suna dariya, ni ina kallon yadda ruwa ke bin bangon da ba a gama ba, ina ganin wancan.

Ranar Lahadi na je Kurmin Mashi gaida wani. Yaya, ka zo ka ga inda garuruwanmu suke ƙarewa. Inda bara gonar dawa ce ta wasu Gwarawa, bana bukkoki ne jere, na zana da na tsohon gwangwani. Masu gonar an ce sun matsa gaba cikin daji. Ka tsaya ka ji harshe, wannan Bakatsine, wannan Basakkwace, wannan daga kudu. Kowa ka tambaya sai ya ce shekara ɗaya zai yi ya koma. Na ga mai faɗin haka da jikansa a kafaɗa.

Birkilan da nake wa aiki sunansa Markus, mutumin kudancin Zazzau ne. Na ba shi labarinmu. Ya ce su ma an sauko da su daga kan dutse an jera su a fili, kakansa ya ƙi saukowa, sai suka riƙa kai masa abinci suna karɓa-karɓa. Na ce daga baya fa? Ya ce in miƙo bulo.

A Kurmin Mashin na gamu da ɗan Audu Gurgu, sati biyu da zuwansa, yana neman aikin gadi. Na tambaye shi bangon. Ya ce shi dai da ya bi ta gidanmu ya ga ɗakin Baba a buɗe, ruwa kwance a ciki har kwaɗi na kuka, bai ga jinka ba, bai ga makuba ba. Ya ce Gwaggo ta ba shi daddawa ya kawo mini, ya cinye a hanya. Ban ma iya yi masa faɗa ba.

Garba, ka ji na kira sunanka ba Yaya. Kana wucewa ta ƙofar gidan nan kullum za ka gona. Yini biyu na roƙe ka. In ba za ka yi ba, ka fitar da ita daga ɗakin ko da tana zaginka, ka sa ta a rumfar girki, ka sa ta ko'ina. Ruwan malka na zuwa.

Tanko

*

Bakin Hanya
29 ga Agusta, 1955

Tanko,

Muna gaisuwa. Asabe ta sauka, mace, an sa mata Uwani. Ka yi haƙuri da abin da za ka ji, kuma ka fara da gode wa Allah, don Gwaggo tana da rai.

Takardunka biyu shekaranjiya suka zo tare. Tun tsakiyar Mayu aka gitta sanda aka rufe hanya saboda damina, gadar Rafin Maje ta tafi, ba motar da ta ƙara biyowa. Suna can a akwatin gidan waya har Malam Sani ya je taron malamai a kan keke ya karɓo. Hanyar da muka taso dominta wata uku ke nan awaki ke kwana a kanta. Ka yi dariya in kana so.

Bangon ya faɗi ranar Talata ta makon jiya, bayan azahar, kwana uku ana ruwa ba ɗagawa. Ina gona na fake a gindin tsamiya na ji ƙara kamar an kayar da rumbu. Na yi gudu. Rufin ya sauko ta gefe ɗaya, azara biyu suka gicciye a kan gadonta suka tare ƙasar, ita tana ƙarƙashi. Da hannu na tona, fartanya na ji tsoron sa wa. Farcena uku sun fita. Ƙafarta ta hagu ta karye a cinya. A kan ƙyauren ɗakinta muka ɗauko ta, ni da kurma. Maɗori ya ɗora, ya ce ƙashin tsufa ne, sai abin da Allah ya yi.

Yanzu tana ɗakin Asabe. Tana cin abinci kaɗan. Ba ta yi mini magana, in na shiga sai ta juya wa bango fuska.

Da takardarka ta zo a kan lokaci da na yi abin da ka ce, ko don in huta da bakinka. Ba ta zo ba. Ni manomi ne, ban san ramuka na shan ruwa ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, abin da na yi wata tara ina roƙo da baki, ruwa ya yi shi a yini ɗaya. Ga ta cikin mutane, ga wuta, ga mai miƙo mata ruwa. Wataƙila haka Allah ya tsara.

Garba

*

Abakpa, Kaduna
11 ga Satumba, 1955

Garba,

Na gode wa Allah da ya bar mana ita. Barka da samun Uwani, Allah ya raya ta, ita ba ruwanta. Gaisuwata ta ƙare a nan.

Wataƙila haka Allah ya tsara? Allah ne ya zo da jaki ya zare azara? Ka ji kunya ka ɗora wa gidan waya, ka ɗora wa gada, da suka ƙare ka ɗora wa Ubangiji. Takardar farko fa? Ita ma gada ta tafi da ita? Tun watan Afrilu na ce maka ruwa zai sami bangon nan, ka kira ni Sarkin Magina, ka sa aka rubuta, kuka yi dariya.

Ka ce kai manomi ne ba ka sani ba. Wa ke yi wa rumbunka jinka duk shekara kafin ruwan fari? Wa ya taɓa marina don na bar kan katangar awaki a buɗe? Ka iya kare dawa, ka iya kare akuya. Ɗan Audu Gurgu da ba ya gane gabas ya ga ruwa kwance a ɗakin, kai da kake wucewa safe da yamma wata huɗu ba ka gani ba?

Ban ce ka so ta mutu ba, Allah ya kiyaye in faɗi haka. Amma zan faɗi abin da na gani a layin ƙarshe na takardarka. Ka gani, ka yi shiru. Ka ce a ranka bari ya ɗan tsage, bari ya ɗan yi yoyo, tsoro ya kama ta, ta ce Garba kawo jakin. Ka bar ruwa ya yi maka magana. Sai dai ruwa ba ya tsayawa inda mutum ya ce ya tsaya. Na daɗe ina kallon yadda ake tada mutane a nan, ba a cewa ku tashi, rijiya ake rufewa, ko a yi hanya ta tsakiyar gona, sai su tashi da kansu a ce ai su suka so. Ban san za a yi wa Gwaggo haka a cikin gidan ubanta ba, kuma da hannun ɗan wanta.

Farcenka uku Allah ya ba ka lada. Ba su biya cinya ba.

Ka gaya mata ruwa na ɗaukewa ina nan tafe. Zan tada ɗakin a inda yake, da tubali sabo, in mayar da ita in ta warke. Kada ka bar kowa ya taɓa ƙasar wurin, kada kuma a ɗauki ko tsinke. Malam Sani, ina roƙonka ka karanta masa duka, kada ka rage masa kalma ko ɗaya.

Tanko

*

Bakin Hanya
9 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga Tanko,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Malam Sani. Na karanta wa Garba takardarka duka kamar yadda ka nema. Da na gama ya ɗauki lauje ya fita. Amma a tsakar gida na karanta, Gwaggo tana ji daga ɗaki. Ita ta sa aka kira ni jiya, ta ce in zauna a bakin ƙofa in rubuta. Ga maganarta, ban ƙara ba, ban rage ba.

"Ka ce wa Tanko ina amsawa. Ƙafa tana nan, tana gaya mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Na fara dafa bango ina kaiwa ƙofa.

"Ka ce masa na ji faɗan da ya yi, ya iya. Duk abin da ya faɗa wa Garba gaskiya ne, ni ma na ga ruwan a ɗakin, na gaya masa sau biyu, ya ce gobe. Ban yafe masa ba tukuna, ina sane, sai na ga dama.

"Amma shi Tanko da ya san bango zai faɗi tun kafin ruwan fari, me ya aiko? Takarda. Takarda ce za ta tokare bango? Da yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi, saƙo nake aika masa ko goya shi nake? Garba ya zare itace, Garba ya tono ni. Shi mai ilimin yana can yana rufa wa baƙi ɗaki.

"Ya ce zai mayar da ni. Wurin wa? Da bangon ya faɗi, 'ya'yan maƙwabcina Malam Inuwa suka zo suka ɗauke ubansu a ranar, Indo makauniya ma jikokinta suka tafi da ita. Ni da safe wa zan ce wa kin tashi lafiya? Na zauna ne don akwai su. Dagaci ya riga ya raba kufan, an ce ƙasar tsohon gida ta fi taki, baɗi taba za a shuka a inda aka binne cibiyar Tanko. Da wannan ƙafar zan ja guga? Garin ya mutu, ya bar yi mini alkawarin gawa.

"Abin da ke cina ba gari ba ne yanzu. Shekara sittin ina da ƙofata. Yau ina kwance a ɗakin matar ɗa, in zan yi tari sai na duba ko jaririya na barci. Asabe ba ta rage ni da komai ba, amma na ji ta tana tambaya a ɓoye ina za a kai tukwanen daddawa, wai duba-gari ba ya son wari. In ɗaga kai kuma, azarar uban Tanko ce a samana, na san su ɗaya ɗaya.

"In zai zo ya zo. In takarda zai sake aikowa, ka ce masa ya yi ta da faɗi, ko ma yi shimfiɗa da ita."

Iyakar abin da ta ce ke nan. An gyara gada, mota ta fara biyowa ranar kasuwa.

Naka,
Malam Sani

*

Abakpa, Kaduna
20 ga Oktoba, 1955

Yaya Garba,

Ina gaisuwa. A gaida Gwaggo, a ce mata na ji, kuma wannan ce ta ƙarshe, shi ya sa na yi ta gajera.

Na koma wurin heluma. Gida takwas sun zama sha biyu, ya ce sai bayan Kirsimati. Na ajiye masa kwanon kwaɓa a gabansa. Kafin in kai bakin shinge wani ya riga ya ɗauka, da ganin tsagar fuskarsa daga ƙauye ya zo shekaranjiya. Markus ya biyo ni ya ba ni tsohon cokalin gininsa da igiyar awo, ya ce shi bai koma kan dutse ba sai da aka aiko masa kakansa ya rasu, ni in tafi tun ana yi mini faɗa.

Ina cikin motar ranar kasuwa mai zuwa. Kafin in iso ga abin da nake so. Ka je kufai ka tono azarar ɗakin Gwaggo tun gara ba ta gama da su ba, ka ɗora su a kan duwatsu. Waɗanda suka karye ma ka kawo, za su yi kan ƙofa. Na Baba su zauna inda suke, akwai jaririya a ƙarƙashinsu. Ka nemi wuri a bayan gidanka ta wajen gona, inda iska ke fita, ka fara jiƙa ƙasa. In duba-gari ya zo da igiyarsa ka ce ya jira ni, ni ma da tawa.

Kai za ka taka ƙasa, ni zan ɗora tubali. Ba sai mun yi hira ba. Abin da na faɗa maka ban janye ba, abin da Gwaggo ta faɗa mini ma ba ta janye ba, kowa ya riƙe nasa mu yi aiki.

Abu ɗaya kuma. Na san za ka ce mu jingina shi da katangarka don a rage bango guda. Kada ma ka fara. Huɗu zan yi mata, duka nata.

Ƙanenka,
Tanko